Itatuwan da Na Saya a Ɓoye

Masu karatu, ina yi muku sallama irin ta mutumin da ya daɗe yana juya magana a baki kafin ya furta ta. Wata baiwar Allah daga cikinku, da ta ji sharaɗin da na gindaya wa mai neman 'yata, ta rubuto ta ce ni ba uba ba ne, na'urar lissafi ce aka ɗora wa hula. Ban ji haushi ba. Na karanta wa mai ɗakina, ta yi dariya har da share ƙwalla, ta ce in tambayi marubuciyar ko ta taɓa zama gida ɗaya da ni.

Ga wanda bai san ni ba: shekara talatin da huɗu na yi ina aikin ƙiyasin gine-gine. A kawo mini zanen gida a takarda, in faɗi buhun siminti nawa zai ci, rodi nawa, kwano nawa, har ƙusa, tun ba a haƙa ƙasa ba. Yanzu na yi ritaya. 'Ya'yana huɗu, uku sun kama gabansu, saura Auta, wadda take aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Ita ce wani saurayi yake so, ita ma tana son sa. Sana'arsa rainon itatuwa. Yana da ɗan fili a bakin titi inda yake jera dashe cikin baƙaƙen ledoji yana sayarwa, kwana uku a mako kuma yana koyarwa a wata makarantar aikin gona. A gidanmu Mai Dashe ake ce masa.

Ranar da maganarsa ta iso gare ni sai na shiga ɗakin karatuna, na jawo takarda mai layi-layi irin wadda hannuna ya saba da ita, na yi wa rayuwarsu ƙiyasi kamar yadda ake yi wa bene. Harsashi: awon ciki, haihuwa, rigakafi, madara idan nono ya gaza. Daga harsashi zuwa linta, wato saman ƙofa da taga: kuɗin makaranta, littattafai, takalmin da ƙafa take fin ƙarfinsa duk wata takwas, zazzaɓi uku a shekara ga kowane yaro. Rufi kuwa jami'a. Na sa hayar gida mai ɗaki uku, na sa wuta da ruwa da gas, na sa ƙwai. Na yi lissafin yara huɗu, na bar albashin Auta a waje, na ɗora kashi goma cikin ɗari na ko-ta-kwana. Abin da ya fito shi ne dubu ɗari huɗu da tamanin a kowane wata. A gaban ƙannena biyu na miƙa wa saurayin takardar, na ce ya kawo mini shaidar wata uku a jere da ribarsa ta kai haka, sannan a yi maganar aure. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Baba," kamar kyauta na ba shi.

Kada ku ce mugunta ce. Babban ɗana ya shekara biyu a makaranta ba ya ganin allo. Malaminsa ya faɗa mini, na ce za a saya masa tabarau wata mai zuwa, domin babu shi a tsarin wannan watan. Wata mai zuwa aka yi haihuwa, na bayansa aka ƙara kuɗin haya. Kafin tabarau ya hau fuskarsa an riga an sa masa suna daƙiƙi a aji, shi ma ya riga ya yarda. Yau yana da shekara talatin da bakwai, yana gaishe ni da ladabi, yana aiko mini da magani a kan lokaci, amma bai taɓa zama ya ba ni labari ba. Abin da nake gudu wa jikokina ke nan. Sai dai wannan dalili ne kawai nake gaya muku, ba wanke kaina nake yi ba.

A tsakiyar watan farko na tafi in auna shi da idona. Na ajiye mota a tsallaken titi, ƙarƙashin wata rumfar masu gyaran taya, na fito da ɗan littafina na fara ƙirga layuka, kamar yadda nake ƙirga bulo a wurin gini. Layi ashirin da uku, kowanne leda ɗari. Na ware lemo da mangwaro da gwaiba, na ware furanni, na cire kuɗin taki da ruwa da ledar da take yagewa. Kafin in kai ƙasan shafi na san ba zai kai ba, ko da ya sayar har da takalmin ƙafarsa.

Ina shirin tayar da mota sai ga Auta ta sauko daga bas, farar rigar aikinta a ninke a kafaɗa. Ba ta gan ni ba. Ta ratsa tsakanin layukan tana taɓa kan kowane dashe da yatsa, kamar mai gaida yara a aji. Shi kuma yana can ƙarshen fili yana ban-ruwa, ya toshe bakin tiyo da babban yatsa, ruwan yana tashi sama yana saukowa kamar labule, rana ta la'asar tana ratsa shi. Ta kife wani bokiti ta zauna. Ya kawo mata ƙananan alluna na katako da alƙalami, yana faɗa tana rubutawa, idan ta yi kuskure ya karɓa ya rubuta da kansa. Ban ji abin da suke cewa ba. Na dai ga ta ɗaga kai tana dariya, irin dariyar da rabona da in gan ta a fuskarta tun ranar da na miƙa takardar nan. Na rufe littafin. Na fi rabin sa'a a wurin, har mai gyaran taya ya leƙo ya ce, "Baba, iska za a ƙara ko hutawa ake yi?"

Watan ya ƙare da giɓin dubu ɗari da casa'in. Auta ce ta kawo mini takardar ribarsa, ta ajiye a kan tebur, ta tambaye ni ko a ƙaro shayi. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙa da ya fi mini sauƙi.

Mutumin kirki da sai ya kira ƙannensa ya ce ya janye sharaɗi. Ni ban iya ba. Shekara talatin da huɗu ban taɓa sauya adadi ba bayan na sa hannu a ƙarƙashinsa, kuma a kan wannan ne kawai mutane suka san ni. Sai na yi abin da na sha kama 'yan kwangila suna yi: na bar adadin yadda yake, na gyara abin da ke ƙarƙashinsa.

Ina da wani tsohon aboki, magini, wanda muka yi aiki tare tun gashinmu yana baƙi. Na ba shi kuɗi daga cikin kuɗin sallamata, na ce ya je da motarsa ta ɗaukar kaya, ya ce shi wakilin wani rukunin gidaje ne da ake ginawa, ana buƙatar itatuwa. Ya saya, ya kawo mini. Ina da fili a ƙarshen gari, da katanga da ƙofar ƙarfe da tankin ruwa, da harsashin gidan da na yi shekara goma sha biyu ina cewa zan ɗora. A nan muka sauke su. Wata na farko dashe ɗari biyu da hamsin. Cikin wata uku suka zama ɗari bakwai da sittin.

Ban yi tunanin abin da zan yi da su ba. Na ɗauka kamar bulo ne, a jibge a rufe ƙofa. Kwana huɗu da na koma sai na tarar sun sunkuyar da kai gaba ɗaya, kamar jama'ar da aka yi wa mummunan labari. Daga ranar nake fita da sassafe, in ce wa mai ɗakina zan je motsa jiki.

Masu karatu, a nan ne abin ya fi ƙarfina. Na jera su a cikin harsashin, ɗaki-ɗaki, bisa zanen da na haddace: lemo a falo, gwaiba a ɗakin girki, mangwaro a ɗakunan kwana, furanni a inda baranda za ta kasance. Da safe raɓa tana kwance a ganye, wurin yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙananan tsuntsaye da ban san sunansu ba suna sauka a kan rodin da ya yi tsatsa. Ina tafe da tiyo daga ɗaki zuwa ɗaki, sai in ga itatuwan sun girma sun haɗe a sama sun zama rufi. Sai in ga wata yarinya mai goshin Auta tana gudu a falon lemo da takalmi ƙafa ɗaya. Sai in ga wani yaro ya maƙale a reshen gwaiba yana kira, "Kaka, kama ni," ni kuma in saki tiyo in buɗe hannu. Wani lokaci har magana nake yi da su. Ina gaya musu wane reshe ne ba ya ɗaukar mutum, ina yi musu faɗa a kan cin ɗanye. A waɗannan safiyoyi ban taɓa tambayar kaina nawa takalmin yarinyar yake ba. Sai na rufe ƙofar ƙarfen na shiga mota sannan lissafi yake dawo mini, ya zauna a kujerar gefe.

Ranar Alhamis ta makon jiya, ina zaune a falo da kofin shayi, Auta ta fito da shirin aiki: doguwar riga ruwan toka mai ƙananan furanni a bakin hannu, mayafi ruwan ƙasa, fararen takalma marasa tsini. Ta durƙusa kusa da kujerata, fuskarta kamar an kunna fitila a ciki.

"Baba, ina kwana. Ka sa tabaranka, akwai abin karantawa."

"Karanta mini, idona bai farka ba."

"A'a, kai ne mai duba takardu."

Ta miƙo wayarta. Saƙon Mai Dashe ne:

"Ki gaya wa Baba wata na uku ya cika, har da rarar dubu goma sha ɗaya. Ga wani abin farin cikin: mai filin da ke jikin nawa ya yarda. Hayar shekara biyar, zan biya ta shekara biyu a gaba, abin da na tara duka zai shiga amma ba komai. Litinin za mu sa hannu. Na rubuta takardar barin koyarwa, ita ma Litinin zan miƙa. Mutumin rukunin gidajen ya ce saura kashi uku na aikin, kowanne ya fi na farko girma. Allah ya dube mu."

Na karanta sau biyu. Shayin ya koma mini kamar ruwan wanki.

"Ba ka ce komai ba, Baba."

"Madalla," na ce. "Madalla."

"Shi ke nan? Wata huɗu ina jiran ranar nan, sai madalla guda biyu?" Ta yi dariya, ta gyara mini wuyan riga. "Ka san da farko na ji haushin takardarka. Yanzu kuwa na gode. Ko ba komai zan shiga gidana hankalina a kwance."

Tana fita na ɗauki makulli. Na tarar da Magini a wurin buga bulonsa, yana zaune a kan baro yana cin gyaɗa.

"Wane kashi uku?" na ce, ko gaisawa ba mu yi ba.

"Yallaɓai, a zauna mana. Ga baro, ba a biyan haya."

"Wa ya ce ka ce masa saura kashi uku?"

"Kai ka ce in yi magana kamar ɗan kwangila. Ka taɓa ganin ɗan kwangilar da ya ce aikinsa ya ƙare?" Ya watsa gyaɗa a baki. "Yaron ya tambaye ni ko za a ci gaba. In ce masa a'a, gida ɗaya ne, shi ma ba shi da rufi?"

"Zai kama fili na shekara biyar. Zai bar koyarwa."

Magini ya daina tauna. Ya kaɗe hannuwansa a gwiwa.

"To ka ci gaba da saye."

"Kuɗin sallamar saura na wata biyar."

"Bayan wata biyar an ɗaura aure, ai."

"Bayan wata biyar tana da ciki, shi kuma yana da fili biyu babu mai saye."

"Ni dai siminti na sani," in ji shi. "Amma ko a gini, idan ka cusa takarda a rami ka shafe da filasta, damina ɗaya take jira. Kai ka koya mini, lokacin da ka sa na rushe katangar nan ta makaranta. Har yau ban yafe ba."

Da na koma gida na tarar da mai ɗakina a baranda, takalmana na fita da safe a gabanta, tana kankare lakarsu da tsinke.

"Baban yara, wane irin motsa jiki ne yake dawo da mutum da laka har gwiwa da ganyen lemo a aljihu?"

Na zauna a kan dakali.

"Kada ka wahalar da kanka. Na bi ka a tasi tun watan jiya. Na leƙa ta ramin ƙofa."

"Me ya hana ki magana?"

"Shekara talatin da tara ina aurenka ban taɓa jin kana waƙa ba sai can. Muryar ba daɗi, amma na ce bari in bar ka." Ta ajiye takalmin. "Na ɗauka wasa ne tsakaninka da girman kanka, babu wanda zai ji ciwo. Auta ta nuna mini saƙon. Yanzu akwai wanda zai ji."

"Idan na faɗa, ta daina ganin girmana."

"Wataƙila. Idan ba ka faɗa ba, ni zan daina. Ka zaɓi wadda za ka iya zama da ita."

Ranar Asabar da la'asar na ce wa Auta ta raka ni wani wuri, ta kuma kira Mai Dashe ta kwatanta masa. Ita ta tuƙa. Ta sa atamfa shuɗiya da ɗankunnen da yayarta ta ba ta, tana tsammanin maganar sa rana za a yi. A hanya tana ta tsokanata, wai ko filin zan ba su kyauta, wai idan haka ne a bar mata zaɓen fenti. Mun tarar da shi a bakin ƙofa, a kan babur ɗinsa mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya sa farar riga da aka yi wa guga har tana ƙyalli. Ya sauko ya durƙusa.

"Baba, barka da yamma. An same ku lafiya?"

"Lafiya. Tashi, ka buɗe mana ƙofar nan, ga makulli."

Ya tura ƙofar. Rana tana bayan katanga, haskenta ya kwanta a kan ganyen gaba ɗaya, kore a kan kore, daga bakin ƙofa har ƙarshen fili. Auta ta ce, "Kai, Baba," a hankali, ta dafe ƙirji. Shi kuwa ya wuce gaba. Ya taka zuwa layin farko, ya tsuguna, ya zaro ɗan allon katako daga cikin leda. Rubutunsa ne. Ya zaro na kusa da shi. Wannan rubutun Auta ne.

Na faɗa musu duka, a tsaye, ba tare da na rage ko na ƙawata ba. Babu rukunin gidaje. Babu kashi uku. Akwai wani tsoho da ya kasa cewa ya yi kuskure, da abokinsa mai motar kaya.

Mai Dashe ya cusa yatsa cikin ƙasar ledar, ya fito da shi ya duba.

"Ruwan ya yi musu yawa, Baba," ya ce. "Saiwar lemo ba ta son haka."

Sannan ya miƙe, ya fito da waya, ya koma gefen tanki. Muna jin sa yana ba mai fili haƙuri, yana cewa wani abu ya taso, a'a, ba ragi yake nema ba, ya fasa ne gaba ɗaya. Da ya kashe wayar sai na ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗata, wani ya hau.

Ya dawo ya tsaya a gabana, idonsa a ƙasa. Na ga leɓensa yana motsi. Na san wannan motsi, nawa ne. Yana cire cinikina daga ribarsa.

"Ke nan ban taɓa wuce dubu ɗari uku ba."

"Ka bar wannan," na ce. "Na janye sharaɗin. Gobe zan kira ƙannena in faɗa musu da bakina. Ka turo manyanka duk ranar da ka shirya."

"Na gode, Baba. Amma ban shirya ba."

Auta ta juyo.

"Takardar nan da ka ba ni," ya ci gaba, "na manna ta a bangon ɗakina. Da farko don in nuna maka ne. Daga baya na riƙa karanta ta, na ga babu layi ɗaya na ƙarya a ciki. Yaro yana zazzaɓi. Takalmi yana matsewa. Wata uku ina tashi da safe ina jin ni mutum ne da zai iya riƙe gida. Yau na san ba ni ne ba, kuɗin sallamarka ne." Ya ɗago kai ya dube ni. "Zan dawo maka da kuɗinka, in kwashe kayana. In fara daga farko. Idan na kai da ƙarfina, in dawo."

"Shekara nawa?" in ji Auta.

"Ban sani ba. Biyu. Wataƙila uku."

Na buɗe baki in ce masa lissafin ba daidai ba ne, sai na tarar ba zan iya nuna masa layin da ya ɓaci ba. Na shuka masa tsorona, ya kama, ya yi saiwa fiye da duk abin da ke cikin filin.

Auta ta zauna a kan bakin harsashin, ta cire ɗankunnenta ɗaya bayan ɗaya, ta sa a jaka. Da ta yi magana, muryarta irin wadda take karanta wa marasa lafiya sakamako ce.

"Kun gama?"

Muka juyo muka dube ta.

"Baba ya yi lissafi, ya ba ka. Kai ka karɓa ka manna a bango. Baba ya saya a ɓoye, kai za ka mayar a fili. Wata huɗu ana auna gidana, ana ƙirga 'ya'yana, an kai su har jami'a, babu wanda ya ce, Auta, ke nawa kike so? Yaushe kike so? Albashin da nake tashi ƙarfe biyar ina nema, ko a ƙasan shafi ba a sa shi ba."

"Auta," na ce.

"Baba, ka yi haƙuri, ban gama ba. Shekaranjiya na ce maka na gode, hankalina ya kwanta. Ka dube ni ka ce madalla. Wannan zai ɗauke ni lokaci." Ta juya gare shi. "Kai kuma. Na san abin da kake samu tun kafin Baba ya sani. Ni nake rubuta maka alluna, kana tsammanin ban iya ƙirga ba? Na ga dubu ɗari biyu da casa'in, na ce ina so. Ban ce zai isa komai ba. Na ce za mu fara da ɗaki ɗaya da yaro ɗaya, mu ga abin da Allah zai yi, idan takalmi ya matse mu yanke masa baki."

"Ba na so ki wahala."

"Shekara uku ina jira a ɗakin Mama, hutu ne?"

Ta miƙe, ta kaɗe bayan zaninta, ta ɗauki makullin motar.

"Asabar mai zuwa, bayan la'asar, ina jiran manyanka a gidanmu. Da abin da kake samu na gaskiya, ba ƙari. Idan ba su zo ba, na san takardar Baba ka zaɓa, sai ku zauna lafiya da ita. Ba zan kira ka ba kafin nan."

Ta fita. Muka ji ta tayar da mota, muka ji ƙarar tana nisa. Ta bar ni a ƙarshen gari ba abin hawa, kuma ban ga laifinta ba.

Mai Dashe ya bi layin lemo yana ɗaga ledoji yana duba ƙasansu, yana ware waɗanda saiwarsu ta fara ruɓewa. Na bi shi a baya ina karɓa, ban san inda zan ajiye ba. Farar rigarsa ta ɓaci har kafaɗa. Sai da inuwar katanga ta rufe filin sannan ya yi magana, bai dube ni ba.

"Baba, idan manyana suka zo aka tambaye su abin da nake samu, me za su ce?"

"Gaskiya."

"A gaban ƙannenka."

"A gabansu. Ni zan fara faɗin tawa."

"Kuma za ka ba ni ita a haka?"

"Na riga na ba ka. Saura kai ka karɓa."

Ya shimfiɗa mini buhu a bayan babur ɗin, na hau na zauna tsakanin ledoji goma sha biyu na lemon da ya ce sai ya yi jinyarsu a wurinsa, hulata a hannu saboda iska. Haka ya ratsa gari da ni. A ƙofar gida ya taimake ni na sauko, ya durƙusa ya yi mini sallama, ya ɗaga kai ya dubi tagar ɗakinta. Labulen a sauke yake.

Na kira ƙannena na faɗa musu. Ƙaramin ya yi dariya har ya ƙware, babban ya ce zai zo. Mai ɗakina ta sa an wanke labulen falo, an aro kujeru daga maƙwabta. Auta tana gaishe ni safe da yamma, da ladabi, ba ƙari. Wayarta tana kife a kan tebur duk lokacin cin abinci, kuma duk sanda ta yi motsi mu ukun muke daina tauna.

Ranar Laraba na kasa haƙuri, na tura masa saƙo da kaina: "Ɗana, ana jiran ku." Alama ta nuna ya karanta.

Yau Juma'a. Bai amsa ba.